Kafin Ka Sayi Sabon Rediyo: Amsoshin Tambayoyinku Kan Mita, Eriya da Ƙarar da Ke Shiga Tasha

Tambayoyin da suka taru a wannan karon kusan duka a kan akwatin rediyo suke, kuma galibinsu wuri guda suka nufa, wato ko lokaci ya yi da za a jefar da tsohon rediyo a sayo sabo. Na taƙaita kowace tambaya domin amsa ta samu fili.

Tela daga Jihar Katsina: Assalamu alaikum. Rediyo ne abokin aikina a shago daga safe har dare. Tashar da nake saurare ta sanar cewa ta koma sabuwar mita, kuma tun daga ranar ban sake kamo ta yadda na saba ba. Wani mai shago ya ce sai na sayi rediyo na zamani mai nuna lambobi. Haka ne?

Wa alaikumus salam, Malam. Mai shagon ciniki yake nema, domin sauya mita ba ya tsufar da rediyo. A Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen yankinmu, dukan tashoshin FM suna zaune ne tsakanin 87.5 da 108, kuma duk rediyon da aka ƙera domin kasuwarmu yana iya yawo daga wannan baki zuwa wancan. Duk inda tasharka ta koma, ba ta fita daga wannan fili ba, ƙaura kawai ta yi daga wata unguwa zuwa wata a cikin gari ɗaya.

Idan rediyonka mai allura ne, wanda ake murɗawa da hannu, kada ka yarda da lambobin da aka rubuta a fuskarsa ɗari bisa ɗari. A ƙananan rediyoyi masu araha allurar takan kauce wa lambar gaskiya da tazara mai yawa, musamman idan zaren da ke jan ta ya saki, har mutum ya tsaya a kan 95 alhali rediyon yana sauraren 96 ko fiye. Dabarar ita ce ka nemo tashoshi biyu da ka san mitarsu, ɗaya ƙasa da sabuwar lambar ɗaya kuma sama da ita, sannan ka riƙa murɗawa a hankali a tsakaninsu. Idan kuwa mai lambobi ne, ka sani cewa tsohuwar mitar ce take ajiye a ma'adanarsa, sai ka shigar da sabuwar da hannunka ka sake adanawa. Binciken da rediyo yake yi da kansa yakan tsallake tashar da ba ta da ƙarfi, shi ya sa mutum zai danna maɓallin bincike sau goma ya rantse tashar ta rufe.

Dalilin ƙaurar kuwa ba a hannun gidan rediyon kaɗai yake ba. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, wadda aka kafa a 1992, ita ce take ba tashoshi lasisi da mitar da za su zauna a kai. A lokacin da Raypower ta fara aiki a Legas a 1994 a matsayin rediyo mai zaman kansa na farko a ƙasar, fili a buɗe yake, haka ma lokacin da Freedom ta fara a Kano a ƙarshen 2003. Yau tashoshin da ake kamawa a cikin birnin Kano sun haura ashirin, kuma kowace tana bukatar ɗan sarari a hagu da dama domin kada muryarta ta hau ta maƙwabciyarta. Idan biyu suka matsu da juna, dole a ɗaga ɗaya. Wani lokaci kuma daga filin jirgin sama koken yake fitowa, domin daga 108 zuwa sama na'urorin da ke yi wa jirage jagora wajen sauka ne suke aiki, daga 118 zuwa 137 kuma nan ne matuƙa suke magana da hasumiya, don haka tashar da siginarta yake fantsama zuwa can ba a yi mata jinkiri. Ku mutanen Katsina kuna da ƙarin dalili, domin siginar rediyo bai san iyakar Jibiya ba, kuma akwai yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Janeba a 1984 wadda ta tsara rabon mitocin FM tsakanin ƙasashe maƙwabta, saboda kada tashar Katsina ta danne ta Maraɗi ko ta Maraɗi ta danne ta Katsina.

Abu ɗaya da zai iya zama gaskiya a kokenka shi ne raguwar ƙarfi. Eriyar da ke kan turken gidan rediyo an daidaita ta ne da tsohuwar mitar, kuma kafin injiniyoyi su gama daidaita ta da sabuwar sukan rage wutar na'urar watsawa domin kada ta lalace. Ka ba su mako biyu ko uku, ka kuma kira su ka faɗa musu sunan garinku da yadda kake jin su, domin irin wannan rahoto suke nema. Kuɗin sabon rediyo ka sayi zare da su.

Bari in ɗan tsaya a kan kalmar "mita", domin za ta yi mana amfani nan gaba. Mun gaje ta ne daga zamanin gajeren zango, lokacin da masu gabatarwa suke cewa a kama su a kan mita 49 ko 31 ko 19, kuma a can awon tsawon igiyar siginar ake nufi da gaske. Lambobin FM ba tsawo suke nunawa ba, yawan kaɗawar siginar ne, 99.5 na nufin kaɗawa miliyan 99.5 a daƙiƙa guda. Da za a auna tsawon igiyarsa da ma'aunin tela, kusan mita uku ne kawai.

Malamin makaranta daga wani ƙauye a yammacin Gwarzo: Tashoshin Kano suna zuwa mana da shuu, wasu ma ba sa zuwa sai da asuba. Na tara kuɗi ina so in sayi babban rediyo mai lasifika biyu, ko wata na'ura da ake cewa tana ƙara ƙarfin sigina. Wanne ya fi?

Malam, babu ɗaya daga cikin biyun da zan ce ka fara da shi, kuma wannan tambaya taka ita ce zan fi daɗewa a kanta, domin a nan ne mutanen karkara suka fi asarar kuɗi.

Siginar FM miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, ba ya bin lanƙwasar ƙasa yadda na matsakaicin zango yake yi, ba ya kuma tashi sama ya dawo yadda na gajeren zango yake yi. Saboda duniya a dunƙule take, akwai inda hasken zai wuce ta saman kanka. Lissafin injiniyoyi ya nuna cewa eriyar da ke kan turke mai tsayin mita 100 tana hango ƙasa har kimanin kilomita 41, rediyon da ke kan tebur yana ƙara kimanin kilomita biyar, bayan nan kuma siginar ba ya yankewa farat ɗaya amma yana raunana da sauri. Gwarzo tana da nisan kusan kilomita 70 daga Kano, ku kuma kuna gaba da ita, ke nan ragowar siginar kuke tsinta. Idan akwai tudu ko dutse tsakaninku da birni abin ya ƙara tsanani, kuma ko a cikin Kano waɗanda Dala ko Goron Dutse suka tsaya tsakaninsu da turken wata tasha sun san wannan inuwa. Rufin kwano ma yana tare sigina, shi ya sa za ka ga rediyo yana magana raɗau a tsakar gida, da an shiga ɗaki da shi ya shaƙe.

Girman akwati da yawan lasifika ƙarar murya kawai suke ƙarawa, wato za ka ji shuu ɗin nan da ƙarfi fiye da da. Na'urar ƙara sigina kuwa abin da aka ba ta take ƙarawa, idan ka ba ta sigina mai rauni haɗe da hayaniya za ta ninka su tare, kuma masu arahar cikinsu suna ƙara tasu hayaniyar a kai. Abin da yake canza lamari shi ne tsayi. A shimfiɗaɗɗen fili irin namu, idan ka ninka tsayin eriyarka sau biyu, ribar da za ka samu ta yi kusa da wadda za ka samu da gidan rediyon ya ninka ƙarfin na'urarsa sau huɗu. Gora ɗaya doguwa tana yin aikin da miliyoyin naira suke yi a ɗakin injiniyoyi.

Ga yadda ake haɗa eriyar, kuma duk mai gyaran rediyo a kasuwar Gwarzo zai iya yi maka ita cikin rabin sa'a. A yanko sanda biyu na alminiyam ko wayar tagulla mai kauri, kowace mai tsawon santimita 72, wato kusan rubu'in mita ukun nan da na ambata a sama. A ɗaure su a jikin katako ko bututun roba a layi ɗaya, baki da baki, da ɗan sarari kamar faɗin yatsa biyu a tsakani domin kada su taɓa juna. A samo wayar da ake jan dish da ita, a haɗa zaren tsakiyarta da sanda ɗaya, ragar da ke kewaye da shi kuma da ɗaya sandan, a naɗe mahaɗin da salatif sosai saboda ruwan damina. A ɗaga ta a kan gora ta wuce rufin ɗaki da aƙalla mita biyu. A ɗaya bakin wayar, cikin ɗaki, a maƙala zaren tsakiya a jikin eriyar rediyon bayan an mayar da ita ciki. Idan tashar da ka fi so tana can ƙasa, kamar Dala FM a 88.5 ko Rediyon Kano a 89.3, a tsawaita kowace sanda zuwa santimita 80, idan kuma tana sama kamar Pyramid a 103.5, santimita 69 ya isa. Ka gwada ta a tsaye ka gwada ta a kwance, domin ba duk tashoshi suke fitar da sigina iri ɗaya ba, idan kuma a kwance ta fi yi, to faɗinta ne zai fuskanci Kano, ba tsininta ba.

Gargaɗi biyu ba na wasa ba ne. Kada gorar ta kasance inda za ta iya faɗawa kan wayar lantarki ko da iska ta kayar da ita, kuma da zarar hadari ya haɗu a cire wayar daga jikin rediyo a fitar da bakinta waje, domin ƙarfen da ya fi rufin gida tsayi gayyata ce ga tsawa.

Idan rediyonka yana da maɓallin da ke zaɓa tsakanin sitiriyo da mono, ka mayar da shi mono, za ka ji yawancin shuu ɗin ya kwanta, saboda sitiriyo yana bukatar sigina mai ƙarfi ƙwarai kafin ya fita garau. Zuwan tashoshi da asuba kuma ba laifin rediyonka ba ne. Idan ƙasa ta yi sanyi cikin dare iskar da ke samanta kuma ta fi ta ɗumi, kamar yadda yake faruwa a lokacin hunturu, siginar yakan lanƙwaso ƙasa ya yi tafiyar da ba ya yi da rana. Da hantsi ya ɗaga sai hanyar ta rufe.

Idan ka yi duk wannan na tsawon mako guda abin bai gamsar ba, sai mu yi maganar sabon rediyo, kuma ko a lokacin ƙarami mai kyakkyawan kamu zan ce ka nema.

Uwargida daga Zariya: Rediyona yana aiki lafiya da rana, amma da magariba sai wani ƙugi ya shiga ya rufe murya. Maigida ya saya mini sabo mai caji, shi ma haka yake yi, har ma ya fi.

Hajiya, ɓarawon yana cikin gida. Na san haka ne domin ya taɓa faruwa da ni. Na shafe kusan wata guda ina zargin wata tasha da sakaci, kullum ana idar da sallar magariba sai muryar mai karanta labarai ta koma kamar ana soya gyaɗa a bayansa. Wata rana aka ɗauke wuta ina riƙe da rediyon a baranda, nan take muryar ta fito tas. Da aka dawo da wuta na bi ɗakunan gidan ina kashe makunni ɗaya bayan ɗaya, rediyon a kunnena, har na isa kan wani farin ƙwan fitila mai araha da na saya a bakin titi na ɗaura a zaure. Ina kashe shi ƙarar ta ɗauke, ina kunnawa ta dawo. Na canza ƙwai ɗaya, magana ta ƙare.

Waɗannan fararen ƙwayaye na zamani, da cajar waya, da inbata, da na'urar da ke daidaita cajin batirin sola, duk suna aiki ne ta hanyar yanka wuta da haɗa ta sau dubbai a daƙiƙa, kuma wannan yankawar tana fitar da hayaniya irin ta rediyo. Masu inganci ana saka musu abin da zai tace ta, marasa inganci kuwa an cire shi domin a rage farashi, sai wayoyin gidan su zama eriya suna yaɗa ta ɗaki ɗaki. Janareta yana da nasa salon, wani ƙas-ƙas ne da ke bin bugun fulogi, yana ƙaruwa idan injin ya ɗauki nauyi, irinsa kuma za ki ji idan babur ya wuce ta ƙofar gida.

Ki yi gwajin da na yi. Ki cire rediyon daga soket ya koma kan batir, ki kashe komai na gidan, sannan ki riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Idan ƙarar ba ta tafi ba bayan kin kashe komai, daga maƙwabta take, sai ki matsar da rediyon zuwa ɓangaren da ya fi nisa da katangarsu. Sabon da Alhaji ya sayo kuma, mai yiwuwa irin masu tocila da gurbin memori da Bluetooth ne, waɗanda su kansu suna haifar da hayaniya a cikinsu, kuma suna fin muni idan ana saurare ana caji. Ki caja shi da rana, ki zare wayar kafin ki kunna.

Ɗan kasuwa daga cikin birnin Kano: Gidana yana kusa da turken wani gidan rediyo. Tasharsu tana fitowa a wurare uku ko huɗu a rediyona, tana kuma hawa kan wasu tashoshin. Shin ba su karya doka ba?

Alhaji, zai yiwu, amma kafin ka kai ƙara ka yi gwaji ɗaya. Ka ɗauki rediyon ka yi tafiyar kilomita biyu ko uku. Idan tashar ta koma wurinta guda, to rediyonka ne ya ƙoshi har ya kasa haɗiya. Sigina mai ƙarfi sosai yana cika ƙofar rediyo mai araha, sai ya riƙa cakuɗa tashoshi yana ƙirƙiro wasu da babu su, ta yadda idan akwai masu ƙarfi biyu a 94 da 96 za ka iya jin inuwarsu a 92 da 98. Ban da haka, ɗabi'ar FM ce idan tashoshi biyu suka haɗu mai ƙarfi ta haɗiye mai rauni ɗungurungum, ba sa jeruwa tare kamar a matsakaicin zango.

Maganinka kishiyar na malamin Gwarzo ne. Ka mayar da eriyar ciki, ka bar ta rabi ko ƙasa da haka, sau da yawa tashoshin da suka ɓace sukan dawo. Kai kam zan ce sabon rediyo zai yi maka amfani, domin rediyoyi masu lambobi na kamfanoni irin su Tecsun da Sony sun fi iya rarrabe tashar da ke kusa da wata. Idan kuwa a nesa ma, kuma a rediyoyi daban daban, har da na mota, tashar tana fantsama, to na'urarsu ce take da matsala. Ka fara sanar da injiniyan gidan, in ba a gyara ba ka rubuta wa ofishin NBC na shiyya, ka faɗi mitar da lokacin da unguwar.

Direba mai zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi da Yamai: Na sayi mota 'yar Amurka. A Kano rediyonta lafiya lau, amma da na shiga Nijar wasu tashoshin ba sa tsayawa daidai, lambar tana tsallake su. Mai rewaya ya ce a canza rediyon gaba ɗaya.

Malam direba, rediyon bai lalace ba, tarbiyyar ƙasarsu yake bi. A Amurka ana ba tashoshin FM lambobin da suke ƙarewa da mara ne kawai bayan ɗigo, wato 1 da 3 da 5 da 7 da 9, saboda haka rediyon motocinsu daga 99.9 sai ya yi tsalle zuwa 100.1. A Kano ba ka lura ba domin yawancin tashoshinmu a kan irin waɗannan lambobi suke, Arewa a 93.1, Wazobia a 95.1, Rahma a 97.3, Freedom a 99.5. A Nijar kuwa akwai tashoshin da suke zaune a kan lamba mai cika, kuma duk wadda take kan 100.0 ko 96.2 rediyonka zai tsaya a gefenta ne, ka ji ta a shaƙe ko ka rasa ta. Haka abin yake a matsakaicin zango, inda su suke tafiya goma goma mu kuma tara tara, don haka Rediyon Kano a 729 sai dai ka kama ta a 730, Rediyon Najeriya Kaduna a 594 kuma ta faɗa tsakanin 590 da 600.

Wasu rediyoyin mota suna da saitin yanki a ɓoye wanda ake iya mayarwa na Turai, don haka ka sa mai rewaya ya duba wannan tukuna. Idan babu, to gaskiyarsa, canzawa ce mafita, amma kada ka karɓi wanda aka ciro daga wata motar Amurkan, kuma ka guji na motocin da aka yi domin cikin Japan, waɗanda suke farawa daga 76 su ƙare a 90 ko 95, domin rabin tashoshinmu ba sa cikinsu. Kafin a ɗaura, ka sa a ba shi wuta a kan tebur ka ga lambar tana tafiya 99.9, 100.0, 100.1.

Ka kuma sa a ranka cewa lamba ɗaya ba tasha ɗaya ba ce a ko'ina. Mita 99.5 Freedom ce a Kano amma Wazobia ce a Abuja, 95.1 kuma Wazobia ce a Kano amma Nigeria Info ce a Abuja. Ana maimaita lambobi a garuruwan da suke nesa da juna, shi ya sa a tsakiyar doguwar hanya za ka ji tashoshi biyu suna ƙwace juna a wuri guda kafin ɗaya ta yi nasara. Idan kana amfani da 'yar na'urar nan da ake sokawa a gurbin kunna sigari domin jin karatu ko waƙa daga waya, ita ma ƙaramar tasha ce, sai ka sauya mata lamba duk garin da ka shiga, ka zaɓi inda babu kowa.

Ɗaliba daga Sakkwato: Sabuwar wayata ba ta da rediyo, tsohuwar kuma sai na sa iyafis take kamawa. Me ya sa?

Wayar iyafis ɗin ita ce eriyar, shi ya sa na Bluetooth ba ya yin wannan aiki, kuma idan kika miƙe wayar maimakon ki dunƙule ta a aljihu kamun zai fi kyau. Wayoyin iPhone ba su da rediyon FM, haka ma manyan wayoyi da yawa na yanzu, alhali ƙananan itel da Tecno masu maɓalli da dama suna kamawa ko babu iyafis. Rediyon cikin waya ba ya cin data ko kaɗan. Sauraro ta intanet kuwa yana cin kimanin megabait 30 zuwa 60 a sa'a, gwargwadon ingancin muryar da tashar take turawa, sai ki lissafa da sa'o'in da kike saurare a wata kafin ki yanke shawara tsakanin sayen data da sayen ƙaramin rediyo.

Ma'aikaci daga Kaduna: Ina so in saya wa mahaifina rediyo in aika masa ƙauye. Shekarunsa sun haura saba'in, idonsa ya yi rauni, kuma ba ya wasa da labaran safe da na dare. Wane iri zan saya?

Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Ka saya masa mai murɗawa da hannu, mai manyan lambobi, domin yatsun dattijo sun haddace inda kowace tasha take, kuma rediyon da sai an danna maɓalli sau uku kafin a fita daga memori a koma FM zai ƙare ne a hannun jikoki. Ka tabbatar yana da zango uku, FM da matsakaicin zango da gajeren zango, saboda a ƙauyen da FM ba ya isa sosai matsakaicin zango ne yake kawo Kaduna, musamman da dare, gajeren zango kuma yake kawo sassan Hausa na ƙasashen waje. Ka gaya wa wanda yake kusa da shi cewa tashoshin gajeren zango sukan sauya mitocinsu sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, kada Baba ya ɗauka rediyon ne ya mutu. A matsakaicin zango kuma jan eriya ba ya ƙara komai, domin tasa eriyar sanda ce a kwance cikin akwatin, juya rediyon kansa ake yi har muryar ta fito.

Wajen wuta, ka fifita wanda yake cin manyan batura na kanti, ko wanda yake haɗa su da caji. Idan mai caji ne zalla, ka buɗe murfin baya ka ga ko batirin irin wanda ake cirewa ne, kamar BL-5C na tsofaffin wayoyin Nokia ko dogon nan 18650, domin wanda aka manne a ciki idan ya mutu rediyon ya mutu tare da shi. Sunan da ke jikin akwati, ko Kchibo ne ko Sony ko Panasonic, kada ya ishe ka hujja, saboda jabu sun yi yawa a kasuwa kuma rubutu ba shi da wuyar bugawa.

Gwajin da za ka yi a shago shi ne mafi muhimmanci. Mai shago zai kamo maka tashar da ta fi kowace ƙarfi a gari ya ƙure murya, wannan kuwa ko rediyon wasan yara zai yi. Ka karɓa ka ja eriyar har ƙarshe ka ga ta kai kusan santimita 70 kuma gindinta ba ya rawa, sannan ka fita da shi bakin ƙofa, nesa da fitilu da cajojin shagon, ka nemi tasha mai nisa, irin ta Zariya idan a Kaduna kake. Ka sa a kawo maka guda biyu ko uku iri ɗaya ka gwada su a kan wannan tashar, domin ko 'yan kwali ɗaya ba sa zama daidai. Wanda ka zaɓa, ka sa ɗan jan fenti ko jan farce a kan gilashin daidai inda tashoshin Baba uku suke, ka haɗa masa da batura na wata guda kafin ka ba direba.